Uwa, Me Yaranki Ke Kallo?

'Yan'uwana matan aure na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), nasiharmu ta yau a kan finafinan faɗa da siddabaru ce, da kuma katun, waɗanda ake tura wa yaranmu a waya.

Mu yi adalci, akwai alheri a wasunsu. Baahubali na Indiya, wanda ya fito a 2015 aka fassara shi da Hausa, yana nuna jarumta da ƙin zalunci. Amma a cikinsa ne jarumin ya saɓa gunki a kafaɗa, ana kiɗa ana kambama shi. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya rabe jarumtar da shirkar? Katun ɗin Tom and Jerry kuwa akwai ban dariya, sai dai ana maka wa mage guduma ta miƙe garau. Gobe sai yaro ya gwada da muciya a kan ƙaninsa.

Tun 2001 Kano ke da hukumar tace finafinai, amma ba ta shigowa ɗakinki. Wannan amana a wuyanki take, 'yar'uwa. Ki fara kallo kafin su kalla. Ki zauna da su, ki nuna masu wanda ya dace da wanda ya saɓa wa tauhidi. Ki tuna, da gargaɗi kan shirka Luƙman ya fara yi wa ɗansa wasiyya. In an kira salla kuma, a kashe waya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.