Shin Sai An Fitar Da Mutum Daji Yake Tsarkaka?

A watan Yuli, a wani gangaren ruwa da ake kira Brooks cikin gandun dajin Katmai a kudu maso yammacin Alaska, manyan beyar masu launin ƙasa-ƙasa kan tsaya cikin ruwa baki buɗe, suna jiran kifin salmon da ke tsallen haurawa don ya je ya zuba ƙwai. Hanyar mota ba ta kai wurin ba. Ɗan yawon buɗe ido sai ya tashi daga Anchorage zuwa King Salmon, daga nan ya shiga ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, sannan ya zauna ya saurari jawabin ma'aikatan gandun kan yadda ake zama da beyar, kafin a bar shi ya taka zuwa dandamalin kallo. Wanda aljihunsa bai kai ba yana kallo ta kyamarar intanet, kuma tun 2014 ake jefa ƙuri'a kowace shekara don zaɓen beyar da ta fi ƙiba kafin dogon barcin hunturu.

Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallata wannan wuri da makamantansa da magana ɗaya: ƙungurmin daji, wanda hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Amma a gefen kogin Brooks ɗin nan masu binciken tarihi sun ƙirga ɗaruruwan ramukan tsofaffin gidaje, shaidar cewa mutane sun yi dubban shekaru suna kama kifin da beyar ke kamawa. A 1912 dutsen Novarupta ya yi aman wuta mafi girma a ƙarni na 20, toka ta rufe ƙauyukan Katmai da Savonoski, mazauna suka tsere. A 1918 gwamnatin Amurka ta keɓe yankin, su kuma ba su koma sun sake kafa garuruwansu ba. Shirun da baƙo ke biyan dubban daloli don ya ji, shirun kufai ne.

Daga nan tambayar take tasowa, kuma ta wuce batun yawon shaƙatawa. Shin ƙasa ta fi kusa da yadda Mahalicci ya so ta idan babu mutum a cikinta? Ko kuwa mutum ma yana cikin halittun da aka yi wa wurin?

Amurka ta amsa tambayar a rubuce. Dokar kare ƙungurmin daji ta 1964 ta siffanta irin wannan wuri da cewa mutum baƙo ne a cikinsa, yana shigowa amma ba ya zama. Tunanin yana da tushe a addini. John Muir, wanda ake ɗauka uban gandayen dajin Amurka, haifaffen Sikotilan ne da ya tashi a hannun uba mai tsananin riƙo da Kiristanci, wanda ya tilasta masa haddace sassa masu yawa na Baibul. Da ya girma sai ya kai wannan shauƙin ga duwatsu da itatuwa, yana kallonsu a matsayin wuraren ibada. A 1879 ya shiga mashigin ruwan Glacier Bay a kwalekwale, ya rubuta labarin tsaunukan ƙanƙara da ya sa jiragen ruwa suka fara kai masu kallo. Waɗanda suka tuƙa kwalekwalen, suka nuna masa hanya, mutanen Tlingit ne, kuma a kan hanya sun iske 'yan ƙabilar Huna suna farautar dabbobin ruwa kamar yadda kakanninsu suka saba.

Ba za a raina abin da Muir ya ji ba. Duk wanda ya tsaya gaban dutsen Denali, mai tsayin mita 6,190, mafi tsawo a Arewacin Amurka, zai ga ƙanƙantarsa ko da bai san kowa a littafi ba. Addinai sun san darajar kaɗaici. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana keɓewa a kogon Hira kafin saukar wahayi, Annabi Musa ya yi darare arba'in a dutsen Ɗur, sufaye kuma har yau suna shiga halwa. Sai dai halwa tana da ranar fita. Hira 'yar tafiya ce daga Makka, da guzuri ake hawa, idan ya ƙare a sauko gida a ƙaro.

Alaska ta ga waɗanda suka ɗauki halwar ba tare da wannan sharaɗi ba. A watan Afrilun 1992 wani saurayi mai suna Christopher McCandless, wanda ya bayar da kuɗin ajiyarsa sadaka ya yanke hulɗa da iyayensa, ya bi wata tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai a arewa da Denali, ya mayar da wata bas da aka yasar ɗakinsa. Da ya so fitowa a watan Yuli ya iske kogin Teklanika ya cika da ruwan narkakkiyar ƙanƙara. Bai ɗauki taswira mai cikakken bayani ba, don haka bai san akwai igiyar tsallakawa ba da nisa ba. Ya rasu a watan Agusta yana da shekara 24, mafarauta suka tsinci gawarsa. Littafin da Jon Krakauer ya rubuta a kansa a 1996 da fim ɗin da ya biyo baya suka mayar da bas ɗin wurin ziyara, har mata biyu suka halaka a kogin, ɗaya a 2010 ɗaya a 2019. A watan Yunin 2020 sojoji suka ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu. Shi kuwa Timothy Treadwell ya shafe damina goma sha uku yana kwana cikin beyar na Katmai, yana raɗa masu sunaye, yana kiransu abokansa. A watan Oktoban 2003 ɗaya daga cikinsu ta cinye shi da abokiyar zamansa Amie Huguenard.

Abin lura shi ne yadda 'yan asalin ƙasar suka kalli irin wannan ƙauna. Mutanen Koyukon, waɗanda daga harshensu sunan Denali ya fito, suna farautar beyar suna cin namanta, amma suna da ƙa'idoji masu tsauri game da ita, kamar yadda masanin al'adu Richard Nelson ya rubuta bayan ya zauna da su: ba a yin alfahari cewa za a kashe ta, ba a ambatonta da raini, kuma akwai yadda ake yi da gawarta. A wurinsu girmama dabba ya ƙunshi ba ta tazara. Treadwell, wanda bai taɓa ɗaga bindiga ba, ya ƙetare iyakar da mafaraucin da ke cin naman yake kiyayewa.

To wa ke da haƙƙin zama? A ranar 2 ga Disamba 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta keɓe fiye da eka miliyan 100 na ƙasar Alaska. Ita ta tabbatar da Wrangell-St. Elias, gandun daji mafi girma a Amurka, mai eka miliyan 13.2, wanda ya fi ƙasar Suwizalan faɗi, da Gates of the Arctic, wanda babu titi ko hanyar ƙafa da aka share a cikinsa. Amma dokar ta yi abin da tsofaffin gandaye irin su Yellowstone ba su yi ba: ta amince cewa mazauna karkara za su ci gaba da farauta da kamun kifi don ci da iyali. A tsakiyar Gates of the Arctic akwai ƙauyen Anaktuvuk Pass, na mutanen Nunamiut, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan karibu, wata dabba dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa da ke ratsa kwazazzabon da ƙauyen yake ciki garke-garke. Baƙon da ya sauka can neman wurin da babu kowa, da makaranta da filin jirgin sama zai fara cin karo.

Alƙawari a takarda bai hana shari'a ba. Katie John, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ahtna, ta tashi tana kamun kifi a Batzulnetas, inda rafin Tanada ke shiga kogin Copper, a yankin da yanzu yake cikin Wrangell-St. Elias. Jihar Alaska ta rufe wurin a 1964. A 1985 ta kai ƙara, aka yi ta sa-in-sa a kotuna shekara da shekaru, daga ƙarshe aka yanke cewa fifikon da dokar 1980 ta bai wa mazauna karkara ya haɗa da kogunan da ke cikin filayen gwamnatin tarayya. Ta rasu a 2013 tana da shekara 97. Kifin da ta nema bai kai ko kusa da abin da jiragen kasuwa ke kwasa a bakin kogin ba, amma ita aka fara hanawa.

Musulunci yana da tsohon tsari da ya fuskanci wannan matsala, wato hima, filin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi jan hankali shi ne umarnin da Umar ya bai wa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan gadin wurin, kamar yadda Imam Malik da Bukhari suka kawo. Ya ce masa ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa: idan dabbobin attajiran nan suka mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa idan nasa suka mutu da 'ya'yansa zai zo ƙofar halifa. Ya kuma yarda cewa mutanen wurin suna ganin an zalunce su, domin ƙasarsu ce tun kafin Musulunci.

A wannan tsari tambayar ba ita ce ko mutum ya shiga ko kada ya shiga ba. Ana duba wanene, nawa zai ɗiba, kuma me zai same shi idan aka hana shi. Alƙur'ani ya siffanta dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin na mutane, ya kira mutum halifa a bayan ƙasa, ya hana shi ɓarna da almubazzaranci. Wanda aka ba amana ba a cewa ya tafi ya bar wurin, sai dai a tambaye shi yadda ya riƙe. Wannan ya fi dacewa da abin da ƙasar Katmai ta nuna fiye da dokar 1964.

Amma kada a yi gaggawar tafi. Shinge ma yana da ranarsa. Gandun Denali ya samu ne a 1917 saboda Charles Sheldon, shi kansa mafarauci, ya ga yadda masu farautar kasuwa ke karkashe fararen tumakin dutse don ciyar da sansanonin masu haƙar zinariya, ga kuma layin dogo yana tafe. Ba don an hana ba, da wuya baƙin yau su ga waɗannan tumaki, da kyarkeci, da karibu, daga tagar bas ɗin da ke bin titin gandun mai mil 92, wanda zaftarewar ƙasa ta datse kusa da rabinsa a 2021, sakamakon narkewar ƙanƙarar da ke riƙe da gefen dutse. Haka nan a Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956: kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey da kufan maƙera sun nuna mutane sun daɗe a wurin, amma babu mai shakkar cewa ba don masu gadi ba da giwayen da suka rage sun ƙare.

Kuma 'yan asalin ƙasa ba bakinsu ɗaya ba. A arewa maso gabashin Alaska akwai babbar matattarar namun daji ta Arktik, inda garken karibu na Porcupine, wanda ƙidayar 2017 ta sa kusan 218,000, ke zuwa haihuwa a filin bakin teku. Mutanen Gwich'in, da ke kudu da duwatsun yankin da kuma cikin Kanada, suna ɗaukar filin wuri mai alfarma da ba a shiga ko a lokacin yunwa, kuma tun taronsu na 1988 a Arctic Village suke adawa da haƙar mai a can. Mutanen Iñupiat na Kaktovik, ƙauye ɗaya tilo da ke cikin yankin, da yawansu suna goyon bayan haƙar, domin harajin mai ne ya gina makarantu da asibitoci a arewacin jihar, kuma suna cewa an kewaye ƙasarsu ba tare da an tambaye su ba. Dokar haraji ta 2017 ta buɗe ƙofar bayar da lasisi, daga nan gwamnati ɗaya ta rufe, wata ta buɗe. Ma'aunin Umar ba ya raba wannan gardama cikin sauƙi, tunda duk ɓangarorin biyu masu 'yan tumaki ne. Abin da yake yi shi ne ya tilasta a tambayi wanda zai kwashe ribar da wanda zai ɗauki asarar idan garken ya sauya hanya, kuma kamfanin mai ba ya cikin na biyun.

A Glacier Bay an samu wata matsaya, bayan dogon ɓacin rai. Gwamnati ta keɓe wurin a 1925, sannu a hankali aka hana mutanen Huna farauta da ɗiban ƙwan tsuntsayen teku a ƙasar da ƙanƙara ta kori kakanninsu daga cikinta wajen tsakiyar ƙarni na 18. A 2014 majalisa ta yi dokar da ta ba su damar komawa ɗiban ƙwan, ba fiye da sau biyu a shekara ba, a wurare ƙalilan, bisa tsarin da su da ma'aikatan gandun za su shata tare. A watan Agustan 2016 suka iso Bartlett Cove cikin kwalekwalen da suka sassaƙa da hannu, aka buɗe babban zauren ƙabilar a bakin ruwa. Mafi yawan masu ziyartar gandun kuwa a manyan jiragen ruwa suke zuwa, su yi kallon yini guda daga bene ba tare da sun taka ƙasa ba, kuma su ma an ƙayyade masu: jirgi biyu a rana.