Wanda Ba Shi da Gida, Maƙwabcin Wa Ne?

Wata uku na yi ina sanin makamar aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai raba abinci da barguna ga masu kwanan waje a Kurmin Mashi, Kaduna. Aikina cike fom: suna, shekaru, garin asali, sai adireshi. A nan birona ke tsayawa kullum.

Wata asuba cikin hunturu muka tarar da wani dattijo a kan bencin mai shayi, bakin titin Bypass, ya yi matashi da silifas ɗinsa, ya lulluɓa da buhu. Daga wani ƙauyen Birnin Gwari 'yan bindiga suka koro su. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina zan rubuta kuke zaune?" Ya dafa bencin ya ce, "Ɗana, rubuta nan. Amma ana kiran assalatu nake tashi, mai wuri zai hura wuta."

Tun ranar abin ke cina. Mun taso muna jin hadisin Bukhari da Muslim, cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Malamai kuma kan auna maƙwabtaka da gidaje, wasu su ce arba'in ta kowace fuska. To, wanda ko zaure ba shi da shi fa? Ya fita daga lissafi ke nan?

Ban yarda ba, kuma Madina ce hujjata. Ahlus Suffa ba su da gida ba su da dangi a garin, aka zaunar da su a rumfa jikin masallacin Annabi, Abu Huraira na cikinsu. Dare ya yi, sahabbai su ɗebe su zuwa gidajensu cin abinci. Maƙwabtan masallaci ne, don haka maƙwabtan kowa.

Mu kuwa ana idar da Isha'i sai a danna wa masallaci kwaɗo. Na san dalili: an sha ɗauke batir da amsa-kuwwa, ga fargabar tsaro. Gwamnati ma a 2015, bayan bam ɗin Sabon Garin Zariya, ta hana bara a titunan Kaduna. Sai dai hana bara ba ya gina wa mutum ɗaki.

Kwaɗon ma da sauƙi. Mutanen unguwa na da kirki, dattijon nan ba ya rasa koko da ƙosai, amma ba wanda ya san sunansa. Almajiri ana miƙa masa a wuce, maƙwabci kuwa cigiyarsa ake yi idan ba a gan shi a sahu ba. Baba ya kwana huɗu da zazzaɓi, mai shayi kaɗai ya sani.

A fom ɗin, sunan masallacin da yake sallah na rubuta. Ina roƙon kwamitocin masallatan Kurmin Mashi, don Allah ku san masu kwana a bakin ƙofarku da sunayensu, ku buɗe musu ko baranda ce kafin sanyin bana ya shigo.