LISSAFIN 'YAN CACA DA KANSA YANA BA DA SHAIDA A KANSU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani matashi ya turo min tambaya cikin ladabi, ya ce: "Malam, ni ba cacar ganganci nake yi ba. Ina bin sukuwar dawakin da ake yi a Ingila ta waya, kuma ina da tsari. Na rubuta sakamako na wata da watanni, na ga a duk sukuwa uku ina cin ɗaya. Tunda da ilimi da lissafi nake yi, shin wannan bai zama kamar kasuwanci ba?"

Na ji daɗin tambayar, don wanda ya tambaya yana da sauran tsoron Allah a zuciyarsa. To ɗan'uwana, tunda lissafi ka kawo, mu fara da shi, sannan mu je ga hukunci.

A Ingila, inda ake manyan sukuwa irin na Ascot da Cheltenham, dokin da aka fi sa wa ran ci yakan ci kusan sau ɗaya ne cikin uku. Wato abin da ka gano a littafinka ba wani sirri ba ne, kowa ya san shi, kamfanin cacar ma ya riga ka sani. Ci ɗaya cikin uku yana nufin faɗuwa biyu cikin uku. Kuma faɗuwar nan ba ta zuwa a tsare, a ce ka faɗi biyu, ka ci ɗaya, ka sake faɗuwa biyu. A'a. Tana zuwa ne a cure, wani lokaci ta yi jerin gwano.

Su kansu masana harkar suna da hanyar ƙiyasta tsawon wannan jeri. Yiwuwar ka faɗi sau 2 a jere ita ce 4 cikin 9. Yiwuwar ka faɗi sau 10 a jere kusan 1 ce cikin 58. Za ka ce ai wannan da nisa. To, wanda yake zuba kuɗi a sukuwa 5 kullum, cikin kwana 200 ya zuba sau 1,000. A cikin zubi 1,000 ɗin nan, lissafi ya nuna ya sa ran wata rana zai faɗi kusan sau 15 a jere ba ci ko ɗaya. Idan cinsa ɗaya ne cikin huɗu, jerin yakan kai kusan 20. Idan mai bin dawakin da ba a sa musu rai ne don ribarsu ta fi tsoka, yana cin ɗaya cikin goma, jerin yakan haura 40. Wannan ba sammu ba ne, ba bakin uwa ba ne, ba kuma tsarin ne ya lalace ba. Haka abin yake tun asali. Shi ya sa shawarar farko da suke ba junansu ita ce: ware kuɗin da za su iya jure doguwar faɗuwa. Ka ji fa, kafin a fara ma ana tanadin hasara.

Sai wani ya ce, ai da dabara: duk sanda na faɗi sai in ninka, ranar da na ci sai in maido da komai. Mu gwada. Ka fara da naira 1,000, ka faɗi, ka sa 2,000, sai 4,000, sai 8,000. Faɗuwa ta goma, abin da ya fita daga hannunka ya kai naira 1,023,000, kuma zubi na gaba yana buƙatar 1,024,000. In jerin ya kai 15, ka zubar da sama da naira miliyan 32. Duk don me? In ana biyan ninki biyu ne, ribar da kake bi ita ce naira 1,000 ɗin farko. Garin neman gira an rasa ido.

Kuma akwai ruɗin da Shaiɗan yake shiga ta cikinsa. Mutum ya faɗi sau tara, sai zuciya ta ce masa yanzu kam dole a ci. Wallahi dokin da zai fita yanzu bai san ka faɗi ɗazu ba. Yiwuwar faɗuwarka a zubi na goma daidai take da ta zubin farko. Sannan kamfani ya riga ya cire rabonsa a cikin farashin da ya sa wa kowane doki, ta yadda in aka haɗa kuɗin masu zubi gaba ɗaya, abin da ake mayar musu bai kai abin da suka zuba ba. Ɗan kasuwa yana sayar maka da abin da za ka amfana da shi, kai ka tafi da kaya, shi ya tafi da riba. A caca kuwa, ba ka cin kobo sai wani ya rasa shi.

Yanzu ga hukunci. Musulunci bai hana sukuwa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Haka nan hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka fitar ya halatta sa kyauta a tseren raƙumi da doki da harbin kibiya. Amma wannan kyauta ta mahayin da ya yi tsere ce, don a ƙarfafa jarumta da shirin kare al'umma. Ɗan kallo da ya zauna da waya yana cewa doki kaza ne zai zo na ɗaya, ya ci kuɗin wasu ko a ci nasa, wannan caca ce tsantsa, ba saɓani a kai.

Ka duba cacar Larabawan jahiliyya. Sukan yanka raƙumi, su kaɗa kibau goma, bakwai masu rabo, uku babu komai. Wanda ya ci ma sau da yawa talakawa yake raba wa naman don alfahari. Duk da haka Allah Ya haramta ta. A Suratul Baƙara aya ta 219 Ya bayyana cewa akwai ɗan amfani a ciki amma zunubin ya fi girma. A Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 Ya haɗa ta da giya da gumaka, Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya faɗi abin da take haifarwa: gaba da ƙiyayya, da kange mutum daga ambaton Allah da salla.

Ku lura 'yan'uwa, a cikin wancan dogon jerin faɗuwa ne ake ganin fassarar ayar nan da ido. A nan ne ake taɓa jarin shago. A nan ne ake ciwo bashi da ƙarya, a sayar da sarƙar matar gida, a ci amanar kuɗin maigida. A nan ne ake kiran salla mutum yana zaune ya zuba wa waya ido, ko ya tashi ma yana raka'a zuciyarsa tana filin sukuwa. Kuma lissafin da ka kawo da hannunka ya ce wannan rana tana tafe, sai dai ba ka san yaushe ba.

Ko da tsarinka zai ci riba, haram ba ta zama halal don an iya lissafinta. Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca da ya yi sadaka, kamar yadda yake a Bukhari da Muslim. Furuci kawai ke nan, ina ga wanda ya mai da ita sana'a?

Shawarata gare ka ɗan'uwana: ka tuba yau, ka goge manhajar daga wayarka, ka rabu da abokan da suke turo maka sunayen dawakai. Kada ka ce sai na maido da abin da na rasa, wannan maganar ita ce igiyar da take riƙe da kowane ɗan caca. Abin da ya tafi ya tafi. In akwai haƙƙin wani a kanka ka nemi hanyar biya, in akwai kuɗin caca a hannunka ka fitar da su ga mabuƙata. Ƙwaƙwalwar da ta iya ajiye lissafin wata da watanni za ta iya riƙe littafin shago, ta ci halal.

Allah Ya tsare mana matasanmu, Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram. Wallahu a'alam.