Idan Majinyaci Ya Ce "A Bar Ni Gida"

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mun sha ganin motar likita ta tsaya ƙofar gida, dattijo yana kwance numfashi sama-sama, amma ya kafe ba za a kai shi Maradi ko Damagaram ba. Sai ƴaƴansa su rasa abin yi: su ɗauke shi da ƙarfi, ko su zuba ido?

Mu sani cewa jiki amanar Allah ce, kuma baligi mai hankali shi aka damƙa wa amanar nasa jikin. Buhari ya ruwaito cewa a ciwon ajalin Manzon Allah (SAW) iyalinsa sun ɗura masa magani alhali ya yi nuni kada a yi. Da ya farfaɗo bai yarda da abin da suka yi ba, har ya sa aka ɗura wa kowannensu, ban da Abbas wanda bai halarta ba. Ashe ƙauna kaɗai ba ta halatta tilas.

Sai dai wannan haƙƙi yana da iyaka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta shar'anta izinin majinyaci, amma ta ce magani yakan wajaba idan barinsa zai kai ga halaka. Wanda aka tsinta a sume, ba a jiran izini kafin a cece shi. Mai cuta mai yaɗuwa, hukuma na iya tilasta masa. Wanda ya ga sanƙarau na 1995 da 1996 ya san dalili. A 2009 kuma, a Sharja, majalisar ta ce mai hankalin da ya ƙi aikin gaggawa ya yi zunubi, kuma lokotoro na iya ceton ransa.

Abin da muke gani shi ne, kafin a kai ga ƙarfi a tambayi dattijon dalilinsa. Sau da yawa ba tawakkali ba ne: tsoron bar wa ƴaƴa bashi ne, ko tsoron cikawa cikin baƙi babu mai laƙƙana masa shahada. Wannan dangi da jama'ar masallaci na iya kawar da shi.

Abu ɗaya kuwa babu saɓani a cikinsa: haƙƙin ƙi na majinyaci ne, ba na waninsa ba. Mijin da ya hana a kai matarsa likita tana doguwar naƙuda, ko uban da ya hana a ƙara wa ɗansa jini, ba haƙuri ya yi ba, ran wani ya sa a caca, kuma za a tambaye shi ranar gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne Mafi sani.