Ƙofar Banki da Talaka: Shiga Kawai Ya Wadatar?

Shekaru da dama ke nan hukumomin duniya suna kira da a shigar da talaka cikin harkar banki, a buɗe masa asusu, a ba shi rance. Niyyar ba mu ƙi ta ba. Tambayarmu ita ce: in an buɗe wa mutum ƙofa, an yi masa alheri ke nan, ko sai an duba abin da ke cikin ɗakin?

Talaka bai taɓa zama a wajen harkar kuɗi ba. Manomin da rumbunsa ya ƙare tsakiyar damina yakan je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ko hatsi, da kaka ya biya fiye da abin da ya ci, a lokacin da hatsi ba ya da daraja. Yana ciki tun tuni, amma a wuri mafi tsada. Saboda haka wanda ya ce banki haramun ne ya yi shiru, bai fitar da manomin nan daga riba ba, ya dai bar shi hannun mai cin ribar da babu mai bincikensa. Wannan nauyi a wuyan masu wa'azi yake, mu ma muna ciki.

Ƙin banki da mutanenmu ke yi kuma ba jahilci ba ne. Sun ga rushewar BDRN a 1990, sun ga an karya darajar Sefa da rabi a Janairun 1994. Wanda ya mai da dukiyarsa akuya da tunkiya yana da hujjarsa.

A ƙasar Bangaladash, Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen a 1983 domin ranta wa mata matalauta, har aka ba shi kyautar Nobel a 2006. Amma a 2010, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, sai da hukuma ta taka wa masu ba da ƙananan rance birki, saboda bashi ya yi wa mutane katutu, masu karɓa kuma suka matsa musu lamba. A nan yankinmu na Sefa, iyakar ruwan da doka ta yarda wa ƙananan asusun rance a 2014 ta kai kashi 24 cikin 100 a shekara, na manyan bankuna kuwa kashi 15. Wato mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan mafi yawa. Masana suna cewa hidimar ƙaramin bashi ce ke da tsada. Gaskiya ne, amma bayanin dalili bai zama adalci ba.

A ganinmu abin da talaka ya fi bukata shi ne wurin ajiya amintacce, kafin bashi. Matan jihar Maraɗi sun nuna haka tun 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara: kowace ta zuba abin da ta iya kowane mako, su ranta wa junansu, ƙarshen zagaye su raba. Adashe ne aka yi wa gyara, kuma daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Sai dai sau da yawa ana ɗora ƙari a kan rancen. Wasu na cewa ai ƙarin ga su matan yake komawa. Ba mu gamsu ba, domin wadda ta fi talauci ita ta fi cin bashin, wadda ta fi zubi ita ta fi samun rabo.

Fiƙihu bai bar mu hannu rabbana ba. Akwai ƙiradi, inda mai dukiya da mai aiki ke raba riba, asarar kuɗi kuma ta hau kan mai dukiya. Akwai cinikin salam, a biya manomi kuɗi yanzu a kan awo sananne da lokaci sananne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta 280 kuma ta yi umurni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Amma duk asusun da ya sa sunan Musulunci, sai mu tambaye shi abu guda: ranar da fari ya cinye gonar manomi, wa ke ɗaukar asarar? In manomin ne shi kaɗai, to, suna kawai aka sauya.