ALHAKIN NA WUYAN WA?

Yau tambaya na zo da ita: idan rubutun jikin kwalbar magani ƙarya ne, yaro ya sha ya mutu, wa zai amsa a gaban Allah?

Ke uwargida, kina iya ɗanɗana gishiri ki murza atamfa kafin ki biya, amma ba ki da idon ganin abin da ke cikin ƙwaya. Rubutun nan kaɗai kika riƙe, don haka amana ne. A 1995 da sanƙarau ya ɓarke a Nijar, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi da ta fito daga Nijeriya, ga sunan kamfanin Turai a jiki, ashe babu magani a ciki. A 2008 kuma maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya fara kashe yara, har aka ƙirga 84, saboda gubar da aka haɗa shi da ita.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An kafa NAFDAC a 1993. Marigayiya Dora Akunyili, wadda jabun maganin ciwon suga ya kashe mata 'yar'uwa, ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, ta ƙona jabu tuli, har aka harbe ta a 2003 harsashi ya huda ɗankwalinta. A 2013 kotu ta yanke wa ma'aikatan kamfanin My Pikin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.

To amma fa ɗauri ba ya dawo da ɗa. Kuma ma'aikacin hukuma ba zai tsaya kan kowane faranti da ake yawo da shi cikin rana a tashar Gusau ko kasuwar Tsafe da Bungudu ba.

Mai kemis zai ce, "Ni ma sarowa na yi, Hajiya." Haba malam! Wanda aka ba shi kaya a rabin kuɗinsa bai tambayi dalili ba, wallahi ya sani, kawar da kai ya yi. Annabi (SAW) ya hana ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe, ina ga garin alli da sunan magani?

Mu fa? Ba na ɗora laifi a kan matar da maigida ya bar wa abin da bai kai ba, ga yaro jiki rau da zazzaɓi. Talauci ne ya kai ta ga mai araha. Amma wadda ta gane maganin jabu ne ta ja bakinta, wai kada ta tona asirin maƙwabci, ta saka hannu a cutar ɗan wata.

Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani, ki saya wurin mai rajista. In kin ga algus ki faɗa wa kishiya da maƙwabciya, a kai maganar ga hukuma.

Allah ya raya mana zuri'a, amin.