Malam, Ni Fa Ƙarfe Kawai Zan Ƙera

A wannan fitowar za mu ɗan ajiye maganar kasuwa da tsadar kaya, mu ɗauko wata tambaya da aka kawo mana har shago, wadda muka kwana biyu muna juya ta a zuci. Kuma gara mu faɗa tun farko, da kuɗinmu a cikin maganar. Kada mai karatu ya ɗauka alƙali ne ke magana, mai hannun jari ne.

Ga yadda abin yake. Wani yaronmu ɗan unguwar nan ya yi shekaru yana bin masu yankan katako a dazukan Ogun da Ondo, yana yi musu dako. Bara ya samu wani tsohon injin zarto da mai shi ya rasu, magada suka jefar da shi a bayan ɗaki. Stihl 070 ne, na kamfanin nan na Jamus da Andreas Stihl ya kafa a 1926. Duk wanda ya taɓa zama da masu katako a kasuwar Bodija ya ji sunan wannan inji. Girman cikinsa sisi 106 ne, nauyinsa kuma wajen kilo 15 tun ba a ɗaura masa komai ba. Muka ba yaron jari bisa sharaɗin a raba riba. Aka sauya fistin da ringi, aka wanke kafireto, aka sa sabon fulogi da igiyar tayarwa. Ranar da injin ya yi tari ya tashi, har yara sai da suka yi ihu. Mu ma mun ji daɗi, don raya abin da aka yar aiki ne mai kyau, musamman a zamanin da kowa ke son sabo.

Sai dai inji ba ya yanka shi kaɗai. Akwai wani dogon ƙarfe mai faɗi a gabansa, wanda sarƙa mai haƙora take zagayawa a gefensa. A nan za mu kira shi takobi. Wanda aka saba ɗaura wa irin wannan inji a ƙasar nan inci 36 ne, ƙafa uku ke nan. Yaron nan sai ya ce shi na ƙafa shida yake so, ninki biyu, wai an yi masa maganar wani ƙaton loko, wanda Yarbawa ke cewa iroko, da iska ta kayar a gonar koko. Na kanti mai wannan tsawon yana da wuyar samu, in an samu ma kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. Sai ya je wurin wani mai walda, shi ma namu ne, ya ce a ƙera masa.

Mai waldan nan gwani ne, ba ma yi masa ƙarya. Ya zo shago bayan la'asar da takarda a hannu, ya riga ya zana komai. Ya ce faranti uku zai haɗa, na tsakiya bai kai biyun faɗi ba, don a samu kwarmin da sarƙa za ta bi. Kwarmin nan milimita 1.6 ne, in ya ƙaru sarƙa ta riƙa kwanciya gefe, in ya ragu ta cije. Zai taurara bakin farantan don kada sarƙa ta cinye su, ya zuba ƙarfe mai tauri a hanci, ya huda ramin mai daidai inda inji ke tofo shi. Yana bayani idonsa na ƙyalli. Da ya gama sai ya naɗe takardar ya ce, "Malam, aikin ba zai gagare ni ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Itacen da ke bukatar takobi ƙafa shida, saura nawa a ƙasar nan, kuma a ina suke? To amma kuma ni fa ƙarfe kawai zan ƙera. Abin da ya yanka da shi, ba tsakaninsa da Allah ba ne?"

Tambayar ke nan. Shin mai ƙira yana da rabo a cikin abin da aka aikata da ƙirarsa?

Amsar da ta fara zuwa bakinmu ita ce babu ruwansa, kuma amsa ce mai ƙarfi, kada a raina ta. Asalin sana'a da ciniki halal ne. Mai sayar da wuƙa a Mokola ba ya tambayar kowa ko albasa zai yanka ko mutum. Da za a ce kowane ɗan kasuwa sai ya binciki zuciyar mai saye, da kasuwa ta tashi, kuma da mun cika da mugun zato, wanda shi ma an hana mu. Ga shi mai waldan da iyali, kuɗin wannan aiki ɗaya zai biya masa hayar ɗaki. Ga mu kuma, in yaron ya samu, mun samu. Kun ga dalilai sun taru sun yi layi, kuma duk inda aljihunmu yake so nan suka fuskanta. Wannan shi ya sa muka ƙi ba shi amsa a ranar. Duk fatawar da ta zo da sauƙi kuma ta zo da riba, a bari ta kwana.

Da ta kwana sai muka ga wuƙa daban, takobin nan daban. Wuƙa tana da aiki ɗari, casa'in da tara na alheri ne, don haka mai sayar da ita yana da uzurin rashin sani. Amma akwai kayan aikin da siffarsa take faɗin aikinsa. Mai yanka mabuɗi, in aka kawo masa mabuɗi aka ce a yi biyu, zai yi. In kuwa aka kawo masa sabulu da sawun mabuɗi a jiki, ai ba sai an yi masa bayani ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da magana a kan wannan, a babin toshe kafar ɓarna. Sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, sun hana sayar da makami ga mai shirin fitina, alhali inabi da ƙarfe halal ne. Abin da ke sauya hukunci shi ne sani, ko zato mai rinjaye. To takobi ƙafa shida ba a ƙera shi don itacen girki. Tsawonsa ma magana ne.

Sai muka zauna muka lissafa waɗanda ke da haƙƙi a cikin wannan ƙarfe, muka samu uku.

Na farko shi ne injin kansa, wato dukiyar da aka raya. Kowane inci da ka ƙara wa takobi, ka ƙara wa inji sarƙar da zai ja da haƙoran da za su ciji itace lokaci guda. Famfon man da ke jikinsa an auna shi ne da takobin da aka saba, in tafiya ta yi nisa mai ba ya isa hanci sosai, sai ƙarfe ya yi zafi, sarƙa ta saki. Dogon ƙarfe kuma yana lanƙwasa da nauyin kansa, yanka ya karkace. Tsoho ne aka tashe shi daga jinya, sai kuma a ɗora masa buhu biyu. Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an tausasa masa ƙarfe, amma tare da wannan baiwa aka umarce shi da ya auna zoben sulke daidai gwargwado. Ashe iyawa ba ta isa ba sai da awo.

Na biyu shi ne hannun da zai riƙe. Masu wannan aiki sun san cewa in saman hancin takobi ya taɓa itace, inji yana zabura ya yi sama, ya nufo fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Sababbin injina suna da birkin da ke tsayar da sarƙa a irin wannan hali. Tsofaffi irin wannan ba su da shi. Sannan takobi mai wannan tsawon mutum ɗaya ba ya sarrafa shi, sai an sa maƙala a ɗaya ƙarshen wani ya riƙe. Wa ake ba wannan wurin? Ƙaramin yaro ɗan dako, irin 'ya'yanmu da ke barin Islamiyya su bi mota zuwa daji. In walda ɗaya ta saki ko sarƙa ta tsinke tana gudu, shi ne a gaba. A nan mai ƙira ba shi da wurin ɓuya ko kaɗan, don ba niyyar wani ce za ta yi ɓarnar ba, aikin hannunsa ne.

Na uku shi ne itacen, da mutanen da muke zaune a ƙasarsu. Loko mai kaurin da ke neman ƙafa shida ya girmi kakanninmu. Irinsu da suka rage, mafi yawa ko suna cikin gandun dajin gwamnati irin na Omo, inda ba a sara sai da takardar izini, ko suna bakin rafi, ko kuma su ne waɗanda mutanen gari ke ɗaura wa farin ƙyalle suna girmamawa. Mu ba mu yarda akwai abin bauta a jikin itace ba, wannan a fili yake. Amma rashin yarda da imanin mutum bai ba ka izinin taɓa kayansa ba. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, fiye da shekara ɗari muna cin arziki a Ibadan da amana. Kuma ba mu manta da Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, yadda ƙaramar magana ta zama gobarar da ta ci dukiya da rayuka. In ɗan Sabo ya kayar da itacen da wani ƙauye ke ji da shi, ba sunansa za a kira ba, Hausawa za a ce. Dattawanmu kuma da suka ga ambaliyar Ogunpa a 1980, da mu da muka ga ta 2011, mun san amfanin saiwar da ke riƙe gaɓar rafi.

Duk da haka ba mu so mu yanke hukunci a kan zato. Watakila gaskiya ne iska ce ta kayar, in haka ne kuwa barinsa ya ruɓe shi ne almubazzaranci. Sai muka ce a je a gani, gani ya kori ji. Muka ɗauki mai waldan da yaron muka tafi. Yaron bai yi ƙarya ba, ga loko nan kwance, saiwarsa a sama. Aka auna kaurinsa, ƙafa biyar ba kaɗan. Amma a gefensa, a bakin wani ɗan rafi, ga wasu biyu a tsaye da suka fi shi. Muka lura mai gonar yana magana ne a kan na kwance, idonsa kuwa na kan na tsaye.

Mai waldan ne ya warware maganar, ba mu ba. Ya ce takobi ƙafa uku, in an yanka ta wannan gefe aka zagaya aka yanka ta wancan, ai zai raba itace mai kaurin kusan ƙafa shida. A gutsura shi, a tsaga biyu, a tsaga huɗu, sannan a fitar da katako. Zai ɗauki kwanaki fiye da yadda aka so, amma zai yiwu. Ashe na kwance ba ya bukatar dogon takobi. Na tsaye ne ke jiransa. Kuma ƙarfe in an ƙera shi ba ya komawa takarda. Wanda ya kashe kuɗi a kansa sai ya nema masa aikin da zai mayar da kuɗin, yau wannan, gobe wancan. Mutum yana ɗauka shi ke zaɓar wa kayan aikinsa aiki, alhali sau da yawa kayan aikin ne ke jan sa.

Yaron bai ji daɗi ba. A mota ya ce, "Baba, in shi bai ƙera ba, wani zai ƙera. Itacen nan dai sai an sare shi, mu ne kawai za mu tashi a tutar babu." Ba mu ce masa ƙarya yake ba, don watakila haka za a yi. Abin da muka ce masa shi ne, wannan magana ita ce mai sayar da jabun magani yake faɗa, ita mai tauye mudu yake faɗa. In kowa ya jingina da wani, wa ya rage? Ba a ɗora mana tsaron dukan dajin Yarbawa ba. Hannu biyu aka ba mu, su za a tambaye mu.

Yanzu kada wani ya karanta wannan ya ce liman ya haramta dogon takobi. Ba mu faɗa ba. Mai izini a hannu, da itacen da ya halatta, da injin da zai iya ja, da ƙarfen da aka tabbatar da ingancinsa, ya ƙera ya yi aikinsa, Allah Ya sa albarka. Abin da muke cewa shi ne, tambayar "me za a yi da shi?" tana cikin sana'a, kamar yadda awo yake cikinta. Ba shisshigi ba ce. Kuma ba mai walda kaɗai ta shafa ba. Ta shafi mai sayar da magani da yaro ya zo neman kwalba goma na maganin tari, da mai buga hatimi da aka kawo wa sunan ofishin da ba na mai kawowa ba, da mu masu ba da jari da muke son riba ba ma son jin inda ta fito.

Mai waldan ya gyara tsohon takobin ƙafa uku, ya daidaita bakinsa, ya share kwarmin. Abin da aka biya shi bai kai rabin abin da zai samu ba. An nemo takardar izini, aka yi kwana tara ana yankan na kwance, kowa ya dawo da yatsunsa goma. Ribarmu ta zo 'yar kaɗan. Takardar zanen kuma tana nan manne a bangon shagonsa, ya ce ba zai yaga ba, don ya san zai iya.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare hannuwanmu daga abin da za mu yi nadama a kansa, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.